Tes ya ce babu maleriya, to me ke cin mutumin?

Akwai wata matsala da mu Hausawa muka jawo wa kanmu tun daga wajen raɗa suna. Mun ɗauki maleriya mun sa mata "zazzaɓin cizon sauro", kamar dai ita kaɗai ce sauro yake rabawa, shikenan kunne ya saba, duk wanda jikinsa ya yi zafi da damina sai a ce ai sauro ne, in kuwa an ce sauro ne to maleriya ce, a aiki yaro kemis ya karɓo na kwana uku. Alhali shi sauro dillali ne kawai, kuma ba haja ɗaya yake yawo da ita ba. Maleriya wata 'yar halitta ce da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta zauna, ana iya ganinta da madubin lab, kuma maganinta na nan a ko'ina. Amma akwai wasu kayan da sauro ke ɗauka waɗanda bairos ne, irin su denge, zazzaɓin shawara, cikungunya, Zika, zazzaɓin Kwarin Rift, zazzaɓin Yammacin Nilu. Su waɗannan ba a ganinsu da wancan madubin, tsinken gwajin maleriya bai san da zamansu ba, maganin maleriya ba ya taɓa su, antibayotik ma haka, ko katon guda ka shanye.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ɗan yayata ne. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, wajen ƙarshen damina zazzaɓi ya kayar da shi lokaci ɗaya, yana cewa kansa kamar zai tsage, musamman can bayan idanu, bayansa da cinyoyinsa kuma kamar an jibge shi da taɓarya. Aka je kemis ɗin unguwa aka ba shi ƙwayoyin maleriya ba tare da wani gwaji ba, kwana biyu shiru, aka koma aka ce ai ta yi ƙarfi ne sai allura, aka fara allura, aka haɗa masa da diklofenak saboda ciwon jikin. Da abin ya ƙi sai aka je wani ɗan lab aka yi tes, maleriya babu, amma wai taifot ta nuna, aka ƙaro wani tulin kafso. Ranar da zazzaɓin ya sauka kowa ya yi hamdala, uwarsa har ta dama masa kunu. Washegari da asuba yana goge baki sai ga jini na bin dasashinsa, ga amai ba ƙaƙƙautawa, cikinsa na murɗa. Da muka isa asibiti likitan bai fara da tambayar wane magani aka sha ba, cewa ya yi, Hajiya wace rana zazzaɓin nan ya fara, yau kwana nawa cif? Wallahi muka tsaya kallon juna. Ni na ce kamar sati ɗaya, shi yaron ya ce kwana huɗu, sai da uwar ta tuna cewa ranar Juma'a bai iya zuwa masallaci ba sannan aka ƙirga aka samu kwana shida. A lokacin na ɗauka ɓata lokaci yake, daga baya na gane duk maganar gano irin waɗannan cututtuka a kan wannan tambayar take rataye.

Bari in ɗan koma kan sauron tukuna, don shi ma mun yi masa kuɗin goro. Wanda ke kawo maleriya, Anofilis, ɗan dare ne, shi ya sa gidan sauro, ko sange kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke cewa, yake maganinsa. Amma mai kawo denge da shawara da cikungunya da Zika daban ne, sunansa na boko Aedes aegypti, ɗan baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, in ka taɓa mare shi a ƙwaurinka da hantsi ko da la'asar ka duba za ka gane shi. Da rana yake cizo, lokacin da kake zaune a shago ko yara na tsakar gida, kaga net ɗin da ke rataye a ɗaki bai amfane ka da komai ba a wannan lokacin. Kuma ba ruwansa da kwata mai wari, ruwa mai kyau da ya kwanta a cikin mazubi yake so, randar da ba a rufe ba, duro, jarkar da aka yanke, kaskon ruwan kaji da tantabaru, gwangwanin madara a bayan ɗaki, sai kuma uwa uba tsohuwar taya, wadda ke jibge wajen mai faci da wadda muke ɗorawa kan kwano don kada iska ta yaye. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubin, can saman bakin ruwa, ƙwan nan na iya bushewa ya yi watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Wato garin da famfo ba ya kawo ruwa, kowane gida na tara na 'yan garuwa, shi ne aljannar duniyarsa. In ta ciji mai ciwo, bairos ɗin na ɗaukar kamar kwana 8 zuwa 12 a cikinta kafin ta fara rabawa, daga nan kuwa har ta mutu tana rabawa.

Wani zai ce ai waɗannan cututtukan Indiya ne da Barazil. To a ƙarshen 2023 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya ta tabbatar da ɓarkewar denge a jihar Sakkwato, mutum 71 ake zargi, aka tabbatar da 13, akasari a Sakkwato ta Kudu. A 2023 ɗin dai Burkina Faso ta ga tashin hankali, sama da mutum dubu 150 ake zargin sun kamu, kusan 700 suka rasu, Wagadugu da Bobo Julaso ne suka fi jin jiki. A 2020 cikungunya ta kwantar da sama da mutum dubu 30 a Abeche ta ƙasar Cadi, kafin nan a 2018 ta yi wa Kasala ta Sudan dirar mikiya har mutanen garin suka sa mata suna kankasha saboda yadda take ƙandarar da gaɓoɓi. Sunan cikungunya ɗin ma haka ya samo asali, daga yaren Makonde na Tanzaniya inda aka fara gane ta a 1952, ma'anarsa abin da ke tanƙwara mutum. Shi kuwa denge tun shekarun 1960 masu bincike suka ciro shi daga jinin masu zazzaɓi a Ibadan, kenan ba baƙo ba ne, mu ne dai ba ma nemansa, kuma abin da ba ka nema ba ba zai taɓa fitowa a takardar risolt ba.

Matsalar ita ce a kwana ukun farko duk kamarsu ɗaya. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki, kasala, tashin zuciya. Maleriya haka, taifot haka, Lassa da ɓera ke kawowa haka, denge haka, shawara haka. Akwai 'yan alamun da ke ɗan nuna hanya, ciwon bayan ido da ƙananan ƙuraje na karkata ga denge, kumburin gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da idon sawu har mutum ya kasa riƙe cokali na karkata ga cikungunya kuma wannan ciwon gaɓar kan bi mutum watanni, jan ido da ƙaiƙayi da ɗan zazzaɓi sama-sama na karkata ga Zika. Amma fa karkata ce kawai, ƙurajen ma a baƙar fata ba kasafai ake ganinsu ba, littattafan likitancin da hotunan farar fata aka cika su. Duk likitan da ya ce maka da ido kawai zai rarrabe su, ƙarfin hali yake.

Sannan ga wani tarkon da ya fi wannan. Ko an yi gwajin maleriya ya nuna akwai, ba lallai ita ce ta kwantar da mutumin ba. A wurarenmu da damina mutane da yawa na yawo da ƙwayar maleriya a jininsu lafiyarsu ƙalau, jiki ya saba, kuma shi tsinken gwajin da aka fi amfani da shi wani sinadari yake kamawa wanda kan ci gaba da nunawa har makonni bayan an sha magani an warke. Kaga mutum na iya zuwa da denge, tsinke ya nuna layi biyu, kowa ya saki jiki an gano ciwo. Ba ina cewa kada a ba shi maganin maleriya ba ne, a ba shi mana, maleriya na kisa, amma in kwana biyu uku suka wuce zazzaɓi na nan daram, ya kamata a daina cewa "ta yi ƙarfi ne" a fara tunanin wani abu. Shi kuwa gwajin Widal da ake laƙaba wa kowa taifot da shi, kada ma in fara, gwaji ne da ke nuna layi ga wanda ya taɓa yin ciwon tun tuni, da wanda ke da wani zazzaɓin daban, har da mai lafiya. Rabin "maleriya da taifot" ɗin da muke ji kullum ni dai ina da shakku a kansu, wannan ra'ayina ne.

To yaya ake gane bairos ɗin? Ka ɗauka ɓarawo ne ya shiga gida. Ko dai a kama shi yana ciki, ko a tsinci hularsa da ya yar, ko kuma ka zo bayan ya fice ka tarar da 'yan sintiri cike da layin ka gane lallai an yi ɓarna a nan. Kowanne da lokacinsa.

Kama shi yana ciki shi ne PCR, wanda korona ta sa kowa ya san sunansa. Injin na neman ainihin ƙwayar halittar bairos ɗin ne a cikin jini ya riɓanya ta har ta ganu, in ya nuna to magana ta ƙare, har yana iya faɗin wane irin denge ne cikin iri huɗun da ake da su, akwai ma wanda ke duba denge da cikungunya da Zika a kwalba ɗaya. Illarsa, bairos ɗin ba ya daɗewa a jini. A denge kamar kwana biyar na farko ne zuwa bakwai, bayan nan garkuwar jiki ta share shi, sai PCR ya ce babu alhali mutum na kwance rai a hannun Allah. Mu kuma yaushe muke zuwa asibiti? Sai an gama da kemis, an gama da allurar gida, an sha saiwa da ganyen darbejiya, wato daidai lokacin da ƙofar PCR ke rufewa. Ga tsada, ga buƙatar wuta da ba ta ɗaukewa, ga ƙwararru.

Hular da ya yar ita ce NS1, wani sinadari da bairos ɗin denge ke zubarwa cikin jini da yawa tun ranar farko. Wannan akwai shi a tsinke irin na maleriya, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, kuma a ganina shi ne ya kamata a ce yana kowane babban asibiti da damina. Shi ma dai na satin farko ne, kuma ga wanda ya taɓa yin denge a baya ba ya kamawa sosai, yana iya cewa babu alhali akwai.

'Yan sintirin su ne makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, IgM da IgG. IgM sai wajen kwana na huɗu ko biyar yake fara bayyana, ya zauna kamar wata biyu zuwa uku. IgG na biyo baya, shi kuma zama yake na shekaru, wani sa'in har abada. Kenan in ka gwada IgM a kwana na biyu ka ɓata kuɗinka, zai ce babu. In ka ga IgG kaɗai, abin da ya gaya maka shi ne mutumin ya taɓa haɗuwa da abin, ko bara ko tun yana firamare. Yanzu ka gane dalilin tambayar likitan nan. Jini ɗaya, mutum ɗaya, ciwo ɗaya, amma gwajin da zai yi magana ranar Litinin ba shi ne zai yi magana ranar Asabar ba, kuma "babu" ɗin da aka samu a lokacin da bai dace ba ta fi rashin gwajin ma haɗari don tana sa a kwantar da hankali.

Shi yaron namu a kwana na shida aka samo tsinke mai haɗe da NS1 da IgM da IgG daga wani lab mai zaman kansa, bayan an zaga wurare uku babu. NS1 bai nuna ba, IgM ya nuna. Na ce to Alhamdulillahi an gano, denge ne. Likitan ya ce a'a, cewa za mu yi ya yi kama da denge sosai, sannan ya tambaya ko an yi masa allurar shawara kwanan nan.

Nan ne abin ya ƙara cakuɗewa. Denge, shawara, Zika da zazzaɓin Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira filabibairos, rigarsu ta waje kusan iri ɗaya ce, don haka makamin da jiki ya ƙera don ɗaya yakan cafki ɗan uwansa. Mai Zika na iya nuna denge, mai denge na iya nuna shawara, wanda aka yi wa rigakafin shawara jininsa na iya nuna IgM na shawara tsawon watanni har fiye, tunda rigakafin ma bairos ne mai rai da aka raunana. Kama da wane ba ta wane. A ƙasa irin Najeriya da ake yi wa jarirai allurar shawara a wata tara tare da ta ƙyanda, aka kuma bi jihohi ana yi wa manya ta gangami, ga matafiya masu karɓar katin nan ruwan ɗorawa, kaga fassara IgM ba wasa ba ne. Cikungunya ba 'yar gidan ba ce, amma ita ma tana da 'yar uwa a Afirka, onyong-nyong, da ake rikita su. Hanyar raba gardama guda biyu ce. Ko a ɗebi jini sau biyu, na farko lokacin ciwo na biyu bayan sati biyu, a ga ko makaman sun ninka sau huɗu, wanda a gaskiya wa zai dawo bayan ya warke a sake tsira masa allura? Ko kuma a yi wani gwaji da ake kira PRNT, inda ake zuba ruwan jinin mara lafiya a kan bairos mai rai a ga wanne ya fi kashewa. Wannan sai manyan dakunan bincike masu tsaro, yana cin kwanaki, shi ya sa shekara da shekaru samfurin shawara daga ƙasashen yankinmu sai an kai Cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a ce an tabbatar.

Ita shawara ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don a nan ma sunan ya rikita mu. A Hausa duk wanda idonsa ya yi ɗorawa cewa muke shawara ce, a nemo masa saiwa. Amma ɗorawar ido alama ce kawai ta cewa hanta na cikin matsala ko jini na fashewa, ciwon hanta iri-iri na kawo ta, maleriya mai tsanani na kawo ta, sikila na kawo ta, a Diffa a 2017 ciwon hanta nau'in E ne ya yi ta kashe mata masu ciki. Zazzaɓin shawara na sauro kuwa salon sa daban ne kuma mayaudari ne. Bayan cizo da kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ya zo, ya yi kwana uku huɗu ya tafi, yawancin mutane sun warke kenan. Amma wasu 'yan kaɗan, cikin kwana guda sai ya dawo da ƙarfinsa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, a yi ta aman baƙin jini, kuma rabin waɗanda suka kai wannan matakin ba sa wuce kwana 7 zuwa 10. Lokacin da kowa zai gane da ido cewa shawara ce, bairos ɗin ya fara janyewa daga jini, sai a koma dogaro da IgM mai rikicin nan.

Najeriya ta daɗe ba ta ji ɗuriyarta sosai ba sai a watan Satumba na 2017 da aka tabbatar da ita a jikin wata yarinya a Ifelodun ta jihar Kwara, tun daga nan kusan kowace shekara sai ta leƙo. Ta 2019 ita ce ta fi tsaya min a rai, wadda ta taso daga wajen gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Bauchi, masu zuwa yawon buɗe ido suka koma da ita Kano da Gombe da Borno. Bairos ɗin a jikin birai yake zagayawa a daji, sauron daji ya ɗauko ya ba wanda ya shiga, shi kuma ya kawo gari inda ɗan ɗigo-ɗigon nan na randa ke jira. Ka yi tunanin likitan da ke zaune a Kano aka kawo masa mai zazzaɓi, in bai tambayi ina ka je cikin satin nan ba, ta ina zai fara? Wani abin sha'awa, bairos ɗin da ake rigakafin da shi har yau a duk duniya jikan wanda aka ciro ne a 1927 daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, lokacin masu binciken gidauniyar Rockefeller na da sansani a Yaba ta Legas. Max Theiler ya yi ta raunana shi har ya zama rigakafi a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa masu sayen katin ba tare da an yi musu allurar ba ke ba ni haushi, sun cuci kansu, sannan ranar da suka kwanta za su nuna wa likita kati ya cire shawara daga lissafinsa.

Zazzaɓin Kwarin Rift kuma nasa labarin ta wajen dabbobi yake biyowa. A 2016 ya ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, wajen Cintabaradan da Tasara, daidai lokacin da makiyaya ke haramar taron shan gishiri na Ingal, sama da mutum 30 suka rasu, kuma sai da aka aika jini Dakar sannan aka san mene ne. Sauro na yaɗa shi tsakanin tumaki da awaki da shanu da raƙuma, yana iya cizon mutum ma ya ba shi, amma yawancin mutane ta hanyar yanka da fiɗa da taimaka wa dabba haihuwa da shan ɗanyar madara suke ɗauka. Gwajin farko a nan ba a lab yake ba, a garke yake, in ka ji tumaki na ta ɓari a lokaci ɗaya, 'yan raguna na mutuwa, sannan makiyayi ko mahauci ya zo da zazzaɓi, to an ba ka amsa rabi. Sai dai likitan mutane da likitan dabbobi ba kasafai suke zama inuwa ɗaya su yi hira ba.

Ko an yi zargin daidai, an ɗebi jinin a ranar da ta dace, akwai doguwar tafiya a gaba. Dole a raba ruwan jinin, a sa a kula da ƙanƙara, a kai babban birnin jiha, daga can zuwa ɗaya daga cikin 'yan dakunan gwajin da ke iya aikin, kamar babban na NCDC da ke Gaduwa a Abuja, ko CERMES a Yamai. Ƙwayar halittar waɗannan bairos ɗin ba ta jure zafi, in ƙanƙara ta narke a tasha, ko firij ya kwana ba wuta, PCR zai ce babu, ba don babu ba sai don abin ya lalace a hanya. Sannan fom ɗin da ke rakiyar kwalbar, akwai gurbin ranar da ciwo ya fara da gurbin ko an yi rigakafi, sau da yawa haka ake barinsu fayau, shi kuma na lab ɗin can ba boka ba ne, in bai san kwana nawa ba bai san wane gwaji zai fara ba balle ya fassara abin da ya gani.

Akwai masu cewa, kuma na ji har daga bakin ma'aikatan lafiya, tunda duk ba su da magani, sai dai farasitamol da ruwa, meye amfanin kashe kuɗi a gano sunan? Maganar na da ƙamshin gaskiya amma ban yarda da ita ba. Sanin cewa denge ne shi zai sa a hana mutum asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda su ne abin da muke fara miƙawa mai ciwon jiki kuma suna ƙara tsinka jini ga wanda dama jininsa ke neman tsinkewa. Shi zai sa a san cewa saukar zazzaɓi, tsakanin kwana na uku da na bakwai, ba lokacin dama kunu ba ne, lokacin zuba ido ne, don a awa 24 zuwa 48 ɗin nan ne jijiyoyi kan fara yoyon ruwa ta ciki, jini ya yi kauri, mutum ya sanƙame. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko haɓo, baƙin bayan gida, mutum ya yi laƙwas ko ya kasa zama waje ɗaya, tafin hannu ya yi sanyi, ko ɗaya aka gani a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. A nan gwajin da ke ceton rai ma ba mai tsadar ba ne, ƙirgen jini ne na yau da kullum, a ga PCV, wato ma'aunin kaurin jini, na hawa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini na sauka, a maimaita, a auna ƙarin ruwan da za a yi daidai wa daida don in ya yi yawa ma huhu yake cikawa. Inda ake yin wannan da kyau, waɗanda denge ke kashewa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Sannan tunda iri huɗu ne, wanda ya yi ɗaya ya tsira daga wannan ɗayan ne kawai, kuma kamu na biyu da wani irin shi ya fi zama mai tsanani, to gara mutum ya san ya taɓa yi. Mai ciki kuma in Zika ce akwai maganar kan jariri, abin da Barazil ta gani a 2015 da 2016. In kuwa shawara ce, mutum ɗaya tak da aka tabbatar ya isa a tayar da gangamin rigakafi a garin.

Yaron namu kwana huɗu ya yi a gado, kullum safe da yamma ana ɗibar jini ana ƙirgawa, ba a ƙara masa jini ba, ruwa ne kawai da farasitamol, a rana ta uku ƙwayoyin daskarar da jinin suka fara hawa, ya ce yana jin yunwa. An ce mu dawo bayan sati biyu a sake ɗibar jini don a tabbatar, ranar na kira shi yana kasuwa ya ce kawu ai na warke. Da na je gidan na leƙa randar da ke bayan kicin da fitilar waya, ga 'yan tsutsotsin nan suna ta wutsil-wutsil, muka kifar muka goge cikinta da soso, muka sauko da tayoyi biyu daga kan kwano, duk da ruwa a ciki. Ina cikin wanke hannu sai ga maƙwabciya ta shigo yi masa sannu, ta ce Hajiya wai me ya same shi ne haka, ina ji yayata ta ce mata wallahi maleriya ce da taifot suka haɗe masa.